Maman Ugochi da Bututun Ɗakin Baya

Lokacin da Inna Ishatu take takabar maigidanta, Allah Ya jiƙan Malam, famfon tsakar gidanta ya soma zuba. Ba zuba mai yawa ba, ɗis-ɗis ne, amma ko an murɗe shi iya ƙarfi sai ya ci gaba, har wurin ya yi gansakuka, kaji suka mai da shi mashayarsu. Ita ba ta fita, baƙon namiji kuma ba ya shigo mata, ɗanta yana Kaduna wurin aiki. Sai ta riƙa ɗaure bakin famfon da tsumma, in ya jiƙe ta matse ta sake ɗaurawa.

Wata safiya Maman Ugochi, mai shagon kayan famfo na bakin layi, ta shigo yi mata gaisuwa. Ta zauna a gefen tabarma tana “ya ƙarin haƙuri”, amma idonta yana kan famfo. Ba ta kai ƙarshen gaisuwar ba ta miƙe. Daga jakar hannunta, irin wadda sauran mata ke zuba hoda da kwalli, ta zaro sifana. Ta rufe ruwa daga gindin tanki, ta kwance kan famfon, ta leƙa.

“Robar ce ta cinye,” in ji ta.

Ta lalube jaka, babu irinta. Sai ta tuɓe silifar ƙafarta, ta ce a ara mata reza, ta yanko ɗan zagaye daga diddigen, ta huda tsakiyarsa, ta cusa, ta ɗaure. Famfo ya yi tsit. Ta wanke hannu, ta dawo tabarma ta ƙarasa gaisuwarta daga inda ta tsaya, sannan ta tafi da silifa mai giɓi. Inna Ishatu ta bi diddigen nan da kallo har ya shige zaure, kuma ba ta taɓa mantawa ba.

Sunan matar Agatha. A Sabon Gari aka haife ta, mahaifinta ma’aikacin jirgin ƙasa ne da ya zo daga kudu tun yana saurayi. Hausar Zazzau ce a bakinta, in tana magana a bayan katanga ba mai cewa ba ’yar cikin birni ba ce. Mijinta Polycarp ne ya buɗe shagon a Tudun Wada, ita kuwa ƙosai take soyawa a gefe. Da yanar ido ta soma rufe masa gani, sai ta zama idonsa: ita ke zaro kaya daga kanta, ita ke duba ko inci nawa ne, ita ke sauraron masu gyaran famfo suna gardama a kan wanda ya yi aikin banza a gidan wane. A hankali kaskon ƙosai ya koma bayan ƙofa. Yau Polycarp yana zaune a benci da rediyonsa yana amsa gaisuwa, shago kuwa kowa ya san na wace ce.

Halinta biyu ne duk unguwa ta sani. Na farko, tana da buhu cike da guntayen bututu, kowane iri ta yanko tsawon ɗan yatsa. In ka zo saye ba ta yi maka dogon bayani. Sai ta jefa guntu a ƙasa ta ce, “Taka!” In ka taka da tausayi ta ture ka, ta tattare zani ta hau da kanta, ga ta kuwa mace ce mai jiki. Shi ya sa ’yan acaɓan bakin layi suke ce mata Madam Taka. Na biyu, bututun da za a binne a ƙasa ba ta sayar da shi sai ta je ta ga ƙasar da idonta. Takan ce wanda ke jikin bango in ya fashe da safe, kafin azahar an gani. Na cikin ƙasa kuwa sai ya shekara yana shayar da tururuwa kai kana zagin tankinka.

Bara da damina gidan Inna Ishatu ya cika da murna. Autarta Juwairiyya, wadda aka kai Dutsen Abba, ciki ya tsufa, na fari ne, za a dawo da ita gida goyon ciki. Inna ta sa an daka gero na kunun kanwa, ta tanadi itace, ta fito da babbar tukunyar da ita kanta aka yi mata wankan jego da ita. Ko a sallaya take sai ta ji murmushi yana ƙwace mata.

A ƙarshen gidan akwai wani ɗaki da Malam yake tara buhunan masara da tsohon kekensa. Babban ɗanta Mubarak ya ce a nan ƙanwarsa za ta zauna. Ya sa aka sake kwano, aka yi silin, aka fasa taga, aka shimfiɗa tayil, aka fitar da ɗan banɗaki a ciki, aka gina murhu a bakin ƙofa. Maƙwabta suna shigowa kallo suna cewa ai wannan ya fi ɗakin amarya. Abu ɗaya ya rage, ruwa. Rijiya da tanki suna can gaba kusa da zaure, ɗakin yana can ƙurya. Mubarak ya ce wallahi ba za a yi wa Juwairiyya jigilar bokiti safe da yamma ba, sai famfo ya kai har bakin tukunya.

Shi Mubarak ɗan fari ne. Tun da ta haife shi Inna Ishatu ba ta taɓa kama sunansa ba. “Wancan” take cewa, ko “yaron nan”, yanzu da yake da furfura a gemu ma haka. In ya durƙusa gaishe ta, faifan da ke hannunta take amsa wa. In tana da magana da shi sai ta faɗa wa wani a gabansa. Haka ta tashi ta ga ana yi, kuma shi ma bai taɓa ganin abin da wani iri ba.

Ya kawo mai gyaran famfo, Malam Nagoda, wani dogon mutum mai yawan tsokana. Nagoda ya ɗebi toka a murhu, ya zuba layi miƙaƙƙe sak daga gindin tanki zuwa sabon ɗaki, inda za a haƙa rami. Da suka fita Inna ta leƙo ta bi layin da ido. Ya ratsa tsakar gida, ya bi ta bayan ɗakinta, tsakanin bango da bishiyar lalle.

A nan ne ungozoma ta binne mabiyiyar ’ya’yanta, ɗaya bayan ɗaya, kowace da ɗan dutse a kai. Wanda bai sani ba zai ce duwatsu ne kawai. Na farko na Mubarak ne. Na gindin lalle na Zinariya ne, yarinyar da ta rasu tun ba a yaye ta ba. Maza suka ɗauke ta suka kai maƙabarta, Inna ba ta san ko wane kabari ne ba. Wannan dutsen shi ne abin da ya rage mata a inda hannunta zai kai. Kullum da hannu take tsince wurin, ba ta sa masa tsintsiya. Ga shi toka ta hau kansa ɗoɗar.

To wa za ta faɗa wa? Nagoda baƙon namiji ne. Juwairiyya mai cikin fari ce, ba a yi mata irin wannan zance. Shi kuwa wancan, ta yaya uwa za ta buɗe baki ta yi wa ɗan farinta maganar abin da ya biyo bayansa ranar da ta haife shi? Ko a zuci ta gwada sai ta ji kunya ta rufe ta.

Sai ta yi abin da ta iya. Da sassafe ta share tokar tas. Nagoda ya zo ya sake zubawa. Washegari ya tarar da turmi a kan layi, da shanyar kuɓewa, da akuya ɗaure a gindin lalle.

“Yallaɓai,” in ji Nagoda, “ni dai ban taɓa aiki a gidan da turmi ke tafiya da ƙafarsa ba. Jiya yana gabas, yau yana kan layina.”

Mubarak bai yi dariya ba. Ya ɗauka Inna ba ta son a taɓa ɗakin mahaifinsu ne ta kasa faɗa. Ita kuma tana ji daga ɗaki, ta san abin da ya ɗauka, abin ya ƙara damunta.

Ranar Asabar Mubarak ya sa leburori suka fara haƙa daga wajen tanki, shi da Nagoda suka tafi shagon Maman Ugochi sayen bututu. Ba a jima ba sai ga su sun dawo hannu rabbana, ita tana gaba, buhun guntaye a kafaɗa, naɗin igiya a hannu, tana sallama tun daga zaure da muryar nan tata da ake ji har layi na biyu.

“Inna, ina kwana! An ce jika na tafe, shi ne ba a gaya min ba? To ni na kawo kaina!”

Ta zazzage buhu a tsakar gida. Ta jefa wani farin guntu a gaban Mubarak. “Taka!”

Ya taka. Ƙaras, ya dare biyu.

“Wannan na wayar lantarki ne, amma akwai masu binne shi su ce na ruwa ne. Ko ba haka ba, Nagoda?”

“Ni dai ban taɓa ba, Madam.”

“Ban ce kai ba, me ya sa ka tsargu?”

Ta miƙa wa Mubarak wani guntun ƙarfe da aka tono a wani gida a unguwar Kongo, ta ce ya leƙa. Tsatsa ta cike cikinsa, ramin da ya rage ko tsinke da ƙyar zai wuce. Sannan fari mai kauri. Mubarak ya taka, ya hau da ƙafa biyu, ko gezau. Na ƙarshe baƙi ne. Da ya taka sai ya ɗan lotsa, yana ɗaga ƙafa ya dawo yadda yake.

“Shi wannan ba sanda-sanda yake zuwa ba,” in ji ta. “Naɗi guda ne, kamar igiyar guga. Yana lanƙwasa duk inda ka bi da shi, ba gam, ba haɗi. Amma ba ni da shi yanzu, sai an ɗauko daga Kano.”

“A ba mu fari mai kaurin,” in ji Mubarak. “Layinmu miƙaƙƙe ne, kuma yau muke so.”

“Ka zaɓa daidai. In layi miƙaƙƙe ne ba abin da zai same shi. Bari in auna.”

Ta tuɓe takalmi, don ta ce tafin ƙafa ya fi ido sanin inda ƙasa take da laushi. Ta ɗaura igiya a ƙarfen tanki ta bi toka tana warwarewa, tana tsokanar leburori cewa ramin nasu ko kaza ba za ta ɓuya a ciki ba, ita sai ya kai mata gwiwa. Ta zagaye turmi, ta tsallake kuɓewa. Da ta kai bayan ɗaki sai surutun ya tsaya. Inna Ishatu tana kallonta ta taga, carbi a hannu amma ba ya motsi. Ta ga matar ta dubi duwatsun da suke jere, ta dubi ƙasar da ba sawun tsintsiya kuma ba ko tsinke, ta dubi akuyar da aka ɗaure inda ba inuwa. Sannan ta ɗago suka haɗa ido.

Maman Ugochi ta ajiye igiya ta ce ƙishirwa take ji. Ta shiga ɗaki ta saki labule.

“Inna,” ta ce a hankali, “na yara ne?”

Inna ta sunkuyar da kai. “Nasu ne.”

“Duka?”

“Duka. Na farkon na wancan ne. Na gindin lalle kuma na wadda ba ta zauna ba.”

“Chineke! Shi ne kika yi shiru diga tana tahowa?”

“Wa zan faɗa wa? Shi?”

Maman Ugochi ta toshe baki don kada dariya ta fita waje. “Ku da kunyar ɗan fari! Ni tawa ’yar farin, Ugochi, har yau kunnenta nake ja a gaban shago, da aurenta da komai.” Sai kuma ta kama hannun Inna. “Bar min shi.”

“Kada ki ce ni na ce.”

“Me kika ce? Ruwa na sha na fita.”

Ta fito ta soma da lalle. Ta ce saiwa tana bin danshi, duk inda aka yi haɗi sai ta lalubo shi, gara a zagaya ta wajen katanga.

“Sai a sare lallen, a dasa wani a gaba,” in ji Mubarak.

Ta ce ƙasar wurin tana da laushi. Nagoda ya ce ai laushin ma shi ake nema, kuma in za a zagaya da farin bututu sai an yi ta sa gwiwar haɗi a kowace kwana, kowace gwiwa tana rage wa ruwa ƙarfi, kowane haɗi kuma wurin zuba ne wata rana.

“Baƙin ba ya buƙatar gwiwa,” in ji ta.

“Baƙin yana Kano, Madam, mai ciki kuma tana Dutsen Abba da jakarta a ɗaure.”

Gaskiya suka faɗa, ita ma ta sani. Leburori kuwa ba su tsaya ba, har sun ɗauke turmi sun kwashe kuɓewa, jar ƙasa tana ta tashi. Inna tana jin saran diga yana matsowa, kowane sara kamar a ƙirjinta. Sai ta ga Maman Ugochi ta taka ta tsaya cak a gaban dutsen farko, ta riƙe ƙugu.

“Nagoda, kwashi mutanenka ku je bakin layi, ku ce wa mai shayi ni na aiko ku. Ina da magana da ɗana.”

Da gidan ya yi shiru ta dubi Mubarak. “A ina aka haife ka?”

“A nan, Mama. A wannan ɗakin.”

“To da ungozoma ta yanke maka cibiya, uwar tafiyar da ta biyo ka, ina kake tsammani aka kai ta? Bola?”

A cikin ɗaki Inna Ishatu ta ja mayafi ta rufe fuska, amma ta bar ido ɗaya. Ta ga ya dubi ƙasa. Ta ga idonsa ya bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya har gindin lalle, ya daɗe a can. Bakin takalminsa yana dab da na farko, ya janye ƙafar a hankali.

“Shi ya sa,” in ji shi, kamar da kansa yake magana. “Muna yara ko’ina muna buga ƙwallo a gidan nan, ban da nan.”

Ya sunkuya ya ɗauki igiya da hannunsa, ya ja ta baya, ya yi da ita wajen katanga, ya zagaye lalle da duwatsu da tazara mai yawa, sannan ya dawo da ita ƙofar sabon ɗaki. Layin ya fito kamar lauje. Ya sa tafin hannu ya goge tokar da ke kan duwatsun. Daga nan ya zo bakin labule ya durƙusa.

“Inna, Madam ta ce saiwar lalle za ta dami bututu. Za mu zagaya.”

Inna ta jawo faifai ta dube shi. “To. A gaya masa Allah Ya yi albarka.”

“Ya ji!” in ji Maman Ugochi daga tsakar gida, ta riga ta fara kiran dillalinta na Kano a waya. “Olisa! Naɗi guda, baƙi, inci ɗaya, mai kaurin nan na ruwan sha. Ka sa min a motar farko, in ka aiko min mai laushi da kaina zan zo Kano in naɗa maka shi a wuya!”

Ranar da bututu ya iso, layin gaba ɗaya ya fito. A saman keke napep aka ɗauro shi, wani ƙaton zobe da ya fi keken faɗi, Maman Ugochi tana ciki ta fito da hannu ta riƙe, tana yi wa direba faɗa a kan kowane rami. Aka kawo ƙofar zaure ya ƙi shiga. Aka karkata, ya ƙi. Sai ta katanga aka miƙa shi, maza na turawa daga waje, matan maƙwabta na tarewa daga ciki, kowa na ba da umarni ba mai jin na wani.

“Kowa ya matsa!” in ji ta. “Nagoda, yanke ɗaurin a hankali.”

Nagoda ya ce shi da ya yi shekara da shekaru yana wannan aiki ba sai an koya masa ba. Ya sa wuƙa. Fyat! Bakin bututu ya zabura ya make hularsa ta faɗa cikin rami, akuya ta tsinke igiya ta yi zaure, mata suka watse suna ihu suna dariya. Ita kanta Inna, da ba a cika jin dariyarta ba, sai da ta dafa bango.

Maman Ugochi ta sa aka ja shi aka shimfiɗa a rana, ta ce sai ya sha zafi zai saki jiki ya daina taurin kai. Ta ɗaure bakinsa biyu da leda kada ƙasa ta shiga. Ta shiga ramin da kanta tana gwadawa da gwiwa, duk inda bai kai ba ta kira mai diga, duk tsakuwa mai kaifi ta tsince ta jefar. Aka zuba yashi a ƙasa. Sannan aka jeru, maza da mata, aka ɗauki bututu aka kwantar da shi. Da aka zo kwanar lalle Inna ta matso ta zuba wa bututun ido. Ya bi lanƙwasar nan sumul, kamar don ita aka yi shi. Tun daga tanki har ɗaki ba haɗi ko ɗaya.

Leburori suka ɗauki shebur za su rufe, don hadari ya haɗo daga gabas. Ta hana. Ta ce ba mai zuba ƙasa sai ta ga ruwa ya bi ciki ta taɓa kowane wuri da hannunta.

Ana cikin haka sai ga sallamar mata a zaure. Dangin miji ne sun kawo Juwairiyya, tana tafe da ƙyar, hannu a ƙugu. Ta ga tsakar gidansu a farke, ga jama’a, ga Nagoda da hula mai laka.

“Yaya, duk wannan don ni ne?”

“Don wanda ke cikin ne,” in ji Maman Ugochi. “Ke wa ya san ki? Zo ki murɗa da hannunki.”

Nagoda ya ƙarasa ɗaure kai na ƙarshe, ya ruga ya buɗe daga tanki. Juwairiyya ta murɗa famfon da ke gefen murhu. Shiru. Sai ya yi tari. Ya sake tari, ya tofar da iska, ya zubo wani ja-ja. Kowa ya zuba ido. Can sai ga shi shar, fari tas, da ƙarfinsa, yana dukan gindin tukunya kamar ganga. Wata tsohuwa cikin dangin miji ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa. Maman Ugochi ta bi rami a guje ba takalmi tana shafa bututu, ta kai tanki ta dawo tana ɗaga hannu: “A bushe! Ko’ina a bushe!” Ta kama rawa a tsakar gida ita kaɗai, ba kiɗa. Inna Ishatu ta tara buta a sabon famfo, ta koma gefe ta yi alwala, ta shiga ɗaki ta yi sujada.

Aka rufe da yashi, Maman Ugochi ta sa aka jera fasassun bulo a kai kafin ƙasa, don duk wanda ya zo haƙa wata rana digarsa ta fara gamuwa da su. Ana buga shebur na ƙarshe ruwan sama ya sauko.

Juwairiyya ta sauka lafiya a asibiti, aka samu mace, aka sa mata Sumaiya. Mabiyiyar a leda aka ba su suka taho da ita gida. Inna ta wanke ta, ta haƙa da hannunta a ƙarshen jerin, ta ɗora sabon dutse. Wankan jego kuwa safe da yamma tukunya tana cika tana tafasa da ganyen darbejiya, ba wanda ya ɗauki bokiti.

Yanzu in ka leƙa bayan ɗakin Inna Ishatu za ka ga ta shuka zogale da yakuwa a cikin lanƙwasar, amma kusa da dutsen Sumaiya akwai wani ɗan gurbi da ta bari fili, tana tsince shi da hannu kamar sauran. Dalilinsa kuwa, bayan suna Maman Ugochi ta dawo ta bi layin ba takalmi, ta ji ko akwai inda ƙasa ta yi danshi. Babu. Sai ta zo ta zauna a gefen tabarma, wannan karon ba surutu. Ta ce tata cibiyar mahaifinta ya kai garinsu ya binne a gindin kwakwar manja, bishiyar da ganinta da ita bai fi a ƙirga ba. Na ’ya’yanta kuwa a gidajen haya ta binne. Ɗaya an malale shi da siminti, ɗaya an rushe an yi jerin shaguna, in ta wuce ba ta ma gane wurin.

Ta murza yatsun ƙafa a ƙasa.

“Inna, Ugochi ma ta kusa. Har yau haya muke, ita ma haya take. In ta sauka, ki ara min tafin hannu ɗaya a cikin kwanar nan. Na san dai nan ba mai haƙawa, ni na binne bututun.”